Zoɓon da Na Aika Gidan Surukai

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, in ya so ku yi mini faɗan daga baya. Ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe takwas na safe, ni Suwaiba 'yar Zongon Parakou, jikar ladan, na kurɓi giya na haɗiye. Kuma giyar nan ni na haɗa ta da hannuna.

Masu turo saƙo kuna tambayar me ya sa na yi shiru sati guda, to ga dalilin. Sababbin zuwa kuma, ga ni a taƙaice. Na karanta sarrafa abinci, na fito da lisans, wato digiri, aiki bai samu ba, sai na kama yin zoɓo ina ɗurawa a gorar roba, da takarda manne a jiki mai sunana da lambar wayata. Innata Azumi har gobe in an tambaye ta aikina sai ta ce, "Tana nan tana jira." An sa mini rana bayan babbar salla. Wanda zan aura Saifullahi ne, mai sayen shanu a kasuwannin daji, ɗan Malam Muttaƙa limamin wata unguwa a Djougou, mahaifiyarsa kuma Hajjo. Allah ya yafe mini da na rubuta sunayensu ƙiri-ƙiri, a baki ba na iya faɗa.

Bala'in daga wata ganga ya faro. Manyan bidon ɗin, jarkokin robar da nake jiƙa zoɓo, da rana ta buge su sai su ba shi warin roba, abin yana ci mini rai. Wata rana na je unguwar Kpébié karɓar murafan gora wurin mai kawo mana su daga Cotonou, sai na hango gangunan katako jere a bayan wani gida. Gidan Mesiye Sabi ne, ɗan Bariba da ya yi shekaru a Turai, ya dawo ya buɗe ɗan ƙaramin wurin yin giya, irin wadda ake bari shekara guda a cikin ganga tare da wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake kira seriz. Na roƙe shi ya sayar mini da tsohuwa guda. Ya tambaye ni me zan yi da ita, kunya ta sa na ce teburi zan yi a shago.

Na wanke gangar nan sau bakwai. Da ruwan zafi, da toka, da lemun tsami, har da ƙasa a wanki na farko. Ni da na zauna a aji aka koya mini cewa yis, ƙwayar da ke mayar da sukari giya, yana shiga cikin naman katako ya kwanta yana jiran sukari, sai ga ni ina ce wa kaina wanki bakwai ai ko ƙwaryar da kare ya lasa ta tsarkaka. Karatun islamiyya ya danne na jami'a, shi ma kuma ban yi amfani da shi daidai ba.

Ana nan sai Saifullahi ya rubuto mini: "Juma'a mai zuwa akwai walimar sauka a gidanmu, yara tara. Malamai za su zo har daga Kandi. Inna ta ce ko za ki aiko da zoɓon nan naki da ake ta labari."

Kun san yadda zuciyata ta yi. Karo na farko ke nan da uwarsa ta nemi wani abu daga hannuna. Na zaɓi zoɓo baƙi mai kauri, na sa abarba, citta, kanumfari, sukari ba ƙaramin hannu ba, na juye a sabuwar gangata. Goruna suka makara, ya kwana huɗu a ciki. Da na buɗe, ƙamshin da ya bugi hancina ya sa na lumshe ido, wani ƙamshi ne na katako da ɗan itace da ban taɓa ji a zoɓo ba. Sai na ƙi sake tafasa shi kamar yadda na saba, wai kada ƙamshin ya gudu. Na ɗura gora arba'in, na ba direban taksi ranar Asabar. Ƙarin guda ɗaya na ajiye a kan kwabata don in ɗauki hoto.

Ita ce na sauko da ita ranar Alhamis. Na ji ta yi tauri kamar dutse, gindinta ya kumbura har ba ta zama daidai. Na murɗa murfi, ta yi tsaki mai tsawo, kumfa ruwan hoda ta biyo hannuna. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kai baki, irin na mai sana'a.

Tsami ne ya fara kama gefen harshena, har haƙora suka dakushe. Sai kumfar ta riƙa cizo kamar ƙananan allurai. Zaƙin duk ya gudu, ya bar wani bauri mai ƙamshin seriz ɗin nan, daga ƙarshe wani ɗumi ya gangara ƙirjina a hankali. Tunda na ce zan faɗa muku gaskiya, abin da ya fi tsorata ni shi ne yana da daɗi. Na ruga bayi na kurkure baki har sau ban san adadi ba, ina istigfari.

Amma ina son in tabbatar, kuma mutum ɗaya na sani a garin nan da zai iya gaya mini. Na zura doguwar rigata ruwan toka, na sa baƙin hijabi, na saci nikabin Inna da take sawa in za ta gidan rasuwa, na tare zem, wato ɗan acaɓa. Na ce ya sauke ni layi biyu kafin gidan, na ƙarasa a ƙafa ina waige.

Mesiye Sabi yana cikin rumfar gangunansa da gajeren wando. Na ɗaga nikabi, na miƙa masa gorar.

"Mesiye, don Allah ku ɗanɗana mini wannan."

Ya zuba a wani kofin gilashi mai tumbi, ya ɗaga wajen haske, ya juya, ya cusa hanci. Ya kurɓa ya riƙe a baki yana kallon rufi. Ni kuwa ina tsaye kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Oh là là," ya ce. "Mademoiselle, wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Giya ce?"

"Tsaya tukuna." Ya je wata ganga, ya zaro tasa giyar mai seriz, ja kamar jinin kaza, ya ajiye kofi biyu gefe da gefe. "Shaƙa kawai, ban ce ki sha ba. Kin ji? Uwa ɗaya ce ta haife su. Tawa shekara guda da wata biyu ta yi, taki sati ɗaya, kuma taki ta fi tawa kyan launi. Bisap, zoɓon nan naku! Shekara shida ina nan, tunanin bisap bai taɓa zo mini ba."

"Mesiye Sabi, giya ce ko ba giya ba?"

Ya tsoma wani ɗan gilashi mai kama da ma'aunin zazzaɓi, ya duba, ya sake kurɓa. "Giya ce mana. Ba mai ƙarfi ba, amma gora biyu za ta sa tsoho ya yi waƙa." Sai ya kalle ni ta saman ido. "Teburin naki ke nan?"

Na ce masa arba'in irinta suna gidan limami a Djougou, gobe bayan Juma'a za a raba wa malamai da yara. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa, ya ajiye kofin. Ya ce, "To me kike yi a nan? Tafi."

Tun a kan zem na fara neman Saifullahi. Waya a kashe. Tun Laraba ya gaya mini zai shiga kasuwar shanu can cikin daji inda ba rezo, wato sabis ɗin waya, sai Juma'a da hantsi zai fito. Duk da haka na yi ta turawa.

"Saifu ka kira ni yanzu yanzu."

"Kar a buɗe zoɓon."

"KAR A BUƊE. Urgent wallahi."

Ko ɗaya bai shiga ba.

Inna tana tankaɗen gari a ƙofar ɗakinta na zube gabanta na faɗa mata duka. Ta dakata da tankaɗen.

"Inna, ki ba ni lambar Hajiyar Djougou, ko ke ki kira ta."

"In ce mata me? In ce salamu alaikum, 'yata ta aiko muku da giya? Kalmar nan ba za ta fita daga gidan nan ba, Suwaiba."

"To su sha ke nan?"

"Su sha su ce ya yi tsami, su ce ba ki iya ba. Gara a ce ba ki iya zoɓo ba."

"Inna, malamai ne. Da yaran da suka sauke Alƙur'ani. Kuma sunana ne a jikin kowace gora."

"Da kin zauna kin jira aikin ofis da duk wannan bai faru ba."

Na ce in ba za a kira ba, ni zan je. Nan ta miƙe tsaye, gari yana zuba daga zanenta. "Ki je ina? Gidan da ba a kai ki ba? Yarinyar da aka sa wa rana ko layin gidan surukai ba ta bi. Ki taka ƙofar nan kafin biki, Zongo gaba ɗaya za a ce 'yar Azumi ta kai kanta."

Kada ku zagi Innata. Tun rasuwar Baba ita kaɗai take tare mana bakin mutane, kuma ta san kaifinsa. Tsoro ne ya yi magana da bakinta. Ni ma tsoron nake ji, don na san ko dai in je a ce ba ni da kunya, ko in zauna gobe wani malami ya shaƙa gora ya karanta sunana da ƙarfi. Ta kowace hanya auren nan zai iya tashi. Na jira ta shiga wanka, na ajiye mata nikabinta a kan gado, na ɗauki jakata na fita.

Taksin Djougou mu tara aka cusa a ciki, wata mata ta ɗora mini kwandon doya a cinya. Awa biyu da wani abu ina kallon gonakin kaju suna wucewa, ina shirya jimlar da zan faɗa, ina rushewa. Inna ta kira sau huɗu, na kife wayar.

Ana idar da azahar zem ya sauke ni a ƙofar gidan. Na yi sallama da muryar da ni kaina ban ji ba. Tsakar gida cike da mata, masu gyaran shinkafa, masu yankan albasa, ga sa ɗaure a gindin mangwaro. Ɗaya ta ɗago, ta zunguri ta kusa da ita, kafin ka ce me gidan ya yi tsit. Sun san ni a hoto.

Wata gajeruwar dattijuwa mai tabarau da igiya ta taso daga bakin murhu, hannunta duk ƙullu. "Wa nake gani kamar 'yar Parakou?"

Na durƙusa har ƙasa. Ba ta bari na yi magana a gaban mutane ba. Ta kama hannuna ta ce da ƙarfi, "Kun ga 'yar albarka, ta biyo kayanta ta ga ko sun iso lafiya," ta ja ni ɗakin ajiya ta tura ƙofa.

Kwalayena biyu suna nan a bayan buhunan masara. Ina kuka ina bayani, ganga, yis, Mesiye Sabi, komai a hargitse. Hajjo ta ɗauki gora ɗaya ta matsa da yatsa, ba ta lotsa ba. Ta ce, "Ikon Allah. Ni na ɗauka irin na zamani ne mai gas." Ni kuwa idona yana kan kwalin farko, don akwai gurbi biyu babu komai.

"Hajiya, biyu fa?"

"Ɗaya tana wurin Malam tun jiya."

Na zauna a kan buhu. Ta fita, ta daɗe, ta dawo ta ce in taso. Ta kai ni ƙofar ɗakin Malam, inda labule shuɗi yake sake, ta nuna mini tabarma a waje. Ban ga fuskarsa ba, sai takalmansa a bakin ƙofa da muryarsa daga ciki, a hankali kamar mai biya wa yaro karatu.

"Sannu da hanya. Faɗa mini yadda aka yi, kada ki rage komai."

Ban rage ba. Har teburin ƙarya na faɗa, har wanki bakwai. Da na zo wajen wankin na ji kamar ya yi tari, ko dariya ce ya danne, Allah masani.

"Na buɗe ta jiya bayan la'asar," ya ce. "Ta yi mini wanka a farar riga. Shekara talatin ina karantarwa a nan, maƙwabtanmu na bayan katanga suna dafa burkutunsu, iska tana kawowa. Hancina ba ya bukatar a yi masa bayani. Na zubar, ban gaya wa kowa ba, ko ita wannan da ke tsaye. Tun jiya nake neman yadda zan hana a raba abin nan ba tare da na tona asirin 'yar mutane ba. Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma shi ya dame ni: ko kin san abin da kika aiko."

"Wallahi Malam ban sani ba sai yau da safe. Kuma..." Na haɗiye yawu. "Na kurɓa. Na haɗiye."

"Kin san mece ce lokacin da kika haɗiye?"

"A'a."

"Da kika gane, kin ƙara?"

"A'a, Malam."

"To babu komai a kanki. Ƙaryar da kika yi wa mai gangar ita za ki nemi gafara a kai, shi ma ki ba shi haƙuri. Wa ya aiko ki nan?"

"Ba kowa."

"Mahaifiyarki ta sani?"

"Ta hana."

Na ce a raina shi ke nan, an yafe giya za a kama ni da rashin kunya. Sai na ji ya kira matarsa.

"Hajiya, gobe muna da baƙi sun fi ɗari biyu, kuma yanzu ba mu da abin sha. Tunda mai sana'ar ta zo da ƙafarta, ki ba ta babbar tukunyar nan. Ta ƙarfe, ba ta katako ba."

Jama'a, ban san akwai kukan da ya fi dariya daɗi ba sai ranar. Wani nauyi ya sauka daga wuyana har na ji kamar iska za ta ɗauke ni. Na kifa goshi a tabarma ina ta godiya, Hajjo tana cewa, "Tashi, tashi, kada matan nan su ce duka aka yi miki."

Ni da ita muka ja kwalayen ta ƙofar baya zuwa bakin kwata. Muna murɗa murfi suna tsaki ɗaya bayan ɗaya, kwatar ta yi ja, ita tana ɓare takardun sunana tana cusawa a ƙugun zanenta don ta jefa a murhu. Ta ba ni zanen atamfa nata da ɗankwali, ta ce kada in ɓata rigata. Aka aika kasuwa aka sayo zoɓo da citta. Kafin la'asar ina zaune a kan kujerar tsakar gidansu ina juya tukunyar da za ta iya ɗaukata, matan da suka yi tsit ɗazu suna ta tambayata ko kanumfari kafin tafasa ake sawa ko bayan an sauke.

Sai da tururi ya fara tashi na tuna. Na matsa kusa da Hajjo na rage murya.

"Hajiya, kun ce ɗaya tana wurin Malam. Ɗayar fa?"

Ta dafe baki. Saifullahi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Wancan mai shanun. Ni na sa masa a jaka ranar Laraba, na ce ya sha a hanya ya ji hannun matarsa."

Muciyar ta kusa suɓuce mini cikin tukunya. Mutum a daji, cikin rana, ga ƙishirwa, ga gora mai sunana. Na zaro waya, ban ma san me zan yi da ita ba, sai ta yi ƙara a tafina. Ya hau wani tudu ya sami rezo, kuma hoto ya fara turowa kafin ya karanta nawa. Jakarsa ce a buɗe a kan babur, da farar rigar da ya ajiye don Juma'a, ta rine ja tun daga wuya har ƙasa.

"Zoɓonki ya fashe tun kafin in bar kwalta. Ko kurɓa ban samu ba. Sai kin biya ni."

Na nuna wa Hajjo. Ta gyara tabarau ta duba, ta ce alhamdulillahi, sai dariya ta kama ta har tana riƙe ƙugu. Ni ma na yi ta yi, hawaye yana zuba, matan suna kallonmu ba su san dalili ba.

Wayar ta sake ƙara.

"Yanzu na ga saƙonninki. Me ya faru? Na kira Innarki tana kuka, ta ce kin fita tun safe. Suwaiba KINA INA?"

Na dubi zanen uwarsa a jikina, na dubi tukunyar. Hajjo ta tambaye ni me ya ce, na karanta mata. Ta karɓi muciyar daga hannuna ta ci gaba da juyawa.

"Ki rubuta masa ki ce kina gida," ta ce. "Sannan ki kira mini Azumi ki ba ni wayar. Ni zan yi mata magana."